Garin da Lisha Ke Ɓacewa

A shekara ta 922 an yi wani ladan a bakin kogin Bolga, cikin ƙasar da ake kira Rasha a yau, wanda ya yi wata guda cur bai runtsa da dare ba. Lafiyarsa ƙalau. Tsoro ne ya hana shi barci, kada ya kishingiɗa bayan magariba ya farka ya tarar asuba ta wuce shi. Wanda ya kawo mana labarinsa shi ne Ahmad Ibnu Fadlan, magatakarda a tawagar da Halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza zuwa ga Almish, sarkin Bulgar, wanda ya musulunta ya nemi a turo masa masu koyar da addini, a gina masa masallaci da mumbari, a kuma taimaka masa da kuɗin gina ganuwa don ya kare kansa daga Hazarawa da ke karɓar haraji a hannunsa.

Tawagar ta bar Bagadaza a watan Yuni na 921. Ta bi ta Buhara, ta yi zaman hunturu a Jurjaniya ta ƙasar Hawarizm, inda kogin Jaihun ya daskare har dabbobi na tafiya a kansa. A can ne Ibnu Fadlan ya fito daga gidan wanka, kafin ya kai masauki gemunsa ya zama dunƙulen ƙanƙara, sai da ya kara shi a wuta. Ba su isa wurin sarkin ba sai 12 ga Muharram na shekara ta 310 bayan Hijira, wato 12 ga Mayu, 922. Kuɗin ganuwa, dinari 4,000, bai iso tare da su ba, kuma wannan ya ɓata tsakaninsu da sarki ƙwarai. Ibnu Fadlan ya sa ladan ya daina maimaita kalmomin iƙama sau biyu-biyu yadda Hanafawa ke yi. Da sarki ya tabbatar babu kuɗi, sai ya ce ladan ya koma yadda ya saba. Wannan ɗan rikici ya nuna mana abu guda mai amfani a gaba: mazhabar Abu Hanifa ta riga jakadun halifa isa Bulgar.

Wani dare Ibnu Fadlan yana zaune cikin hema tare da telan sarki, mutumin Bagadaza da ƙaddara ta jefa can. Sun yi magariba, suna hira suna jiran kiran lisha. Ya kimanta tsawon hirar da abin da bai kai mutum ya karanta rabin subu'i ba. Duk wanda ya yi zaman tilawa ya san wannan awo: izu huɗu da ɗan ɗoriya, abin da gardi mai saurin baki zai share cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. Sai suka ji kiran salla. Da suka fito, alfijir ya keto. Ya tambayi ladan wace salla ya kira, ya ce asuba. To lisha fa? Ladan ya ce ai su tare da magariba suke yin ta. A nan ne ya ba shi labarin watan da ya yi ba barci, ya ƙara da cewa a garinsu mutum kan ɗora tukunya a wuta da magariba, ya sallaci asuba ba ta nuna ba. Dare na gaba Ibnu Fadlan ya zauna a waje ya zuba wa sama ido. Taurarin da ya iya ƙirgawa ba su wuce goma sha biyar ba, jan shafaƙi bai gushe ba ko kaɗan, kuma hasken ya isa mutum ya shaida ɗan'uwansa daga nisan da ya fi harbin kibiya.

Ina son wannan labari, amma ba na haɗiye shi duka. Bulgar tana kan digiri 55 arewa da tsakiyar duniya, kuma lissafi ya nuna ko a ranar da ta fi kowace tsawo, wajen 21 ga Yuni, akwai sa'a shida da rabi da 'yan mintoci tsakanin faɗuwar rana da fitowarta. Tukunyar da za ta yi wannan lokaci a wuta ba ta nuna ba, sai dai in ƙahon sa aka zuba a ciki. Matafiyi ba ya rasa ɗan gishiri, kuma hira da ɗan garinku a baƙuwar ƙasa tana cin dare ba a sani ba. Abin da ya gani da idonsa kuwa, wato jan da ya ƙi gushewa, gaskiya ne tsantsa, kuma shi ne tushen rigimar da ta ɗauki malamai shekara kusan dubu.

Duniya a karkace take juyawa, da kimanin digiri 23 da rabi. Rabin shekara ɓangaren arewa na fuskantar rana, rabin shekara yana kau da kai. Mu da muke kusa da tsakiya, abin ba ya taɓa mu sosai. Kano tana kan digiri 12: yininta mafi tsawo, a Yuni, sa'a 12 ne da kusan minti 50, mafi gajarta kuma, a Disamba, sa'a 11 da minti 25. Duk bambancin bai kai sa'a ɗaya da rabi ba. Manomi ya san daren hunturu ya fi tsawo, mai azumi ya san magaribar damina tana jan ƙafa, iyakarta ke nan. Kuma a wurinmu rana a miƙe take nutsewa, shi ya sa sa'a ɗaya da 'yan mintoci bayan magariba gari ya yi duhu ɗulum. A Bulgar kuwa a kaikaice take sauka. Sai rana ta yi ƙasa da sararin sama da digiri 17 ko 18 kafin haskenta ya ɗauke gaba ɗaya, amma a can, tsakiyar Yuni, ba ta wuce digiri 12 ko da tsakar dare. Jan da ta bari a yamma sai ya riƙa rarrafawa ta arewa, kamar wutar daji da ake hangowa daga nesa, har ya zagayo gabas ya zama alfijir. Babu wata tsaka da za a nuna a ce nan shafaƙi ya ƙare, nan alfijir ya fara. Duk garin da ya haura digiri 48 da rabi yana samun irin waɗannan darare, yawansu na ƙaruwa gwargwadon nisansa arewa.

Ina yaro, tsohon ladanin masallacin unguwarmu ba ya ɗaura agogo. In rana ta take tsaka sai ya fito filin ƙofar masallaci, ya tuɓe takalmi, ya tsaya ya dubi inda inuwar kansa ta tsaya, ya sa mu ajiye tsakuwa a wurin, sannan ya auna da tafin ƙafa, diddige na taɓa yatsa. Ya san adadin tafin kowane wata da ka. Ya kuma san cewa daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, sauran watanni arewa. Da muka kai babin lokutan salla a Risala, babu abin da ya zo mana baƙo: zawali, inuwa ta kai tsawon mai ita, rana ta faɗi, jan shafaƙi ya ɓace, alfijir ya keto. Kowace alama tana nan a samanmu kullum, ba ta saɓa alkawari. Ibnu Abi Zaid, mai Risala, a Ƙairawan ya zauna, malaman Hanafiyya na farko a Kufa da Bagadaza, Imam Malik a Madina. Dukkansu ƙarƙashin saman da ke yin duhu kowane dare suka rubuta littattafansu.

Masana taurari na Musulmi sun san da wannan bambanci tun da wuri. Sun gaji tsarin Baɗlamus, masanin taurari na zamanin da, na raba ƙasashen da mutane ke zaune zuwa iƙlimi bakwai, kuma ma'aunin rabon shi ne tsawon yini mafi tsawo: tsakiyar iƙlimi na farko sa'a 13, a riƙa ƙara rabin sa'a har zuwa na bakwai mai sa'a 16. A wannan awo Kano da Katsina da Sakkwato suna daidai bakin ƙofar iƙlimi na farko, Bulgar mai sa'a 17 da ɗoriya ta fice ta bayan na bakwai. Masu lissafi sun san da ita a takarda. Masu fiƙihu ne ba su tanadar mata babi ba.

A ƙarni na 11 tambaya ta taso daga Bulgar: a dararen da shafaƙi ba ya ɓacewa, akwai lisha a kanmu ko babu? Littattafan Hanafiyya sun adana yadda aka yi. Shamsul A'imma Halwani, babban malamin Buhara, ya ce a rama ta. Baƙƙali, malamin Hawarizm, ya ce ba ta wajaba ba sam, tunda lokacinta bai shigo ba. Da labari ya kai wa Halwani, sai ya tura mutum ya je ya tsayar da Baƙƙali a gaban jama'a a masallacin Hawarizm ya tambaye shi hukuncin wanda ya zubar da ɗaya daga salloli biyar, ko ya kafirta. Baƙƙali ya gane tarkon. Ya mayar wa mutumin da tambaya: wanda aka yanke wa hannaye daga gwiwa, farillan alwalarsa nawa ne? Mutumin ya ce uku, saboda wurin na huɗu ya tafi. A Hanafiyya farillan alwala huɗu ne. Baƙƙali ya ce to haka salla ta biyar take. Aka ce Halwani ya ji amsar ta burge shi, ya koma kan ra'ayin Baƙƙali.

Amsar tana da daɗin ji, irin wadda ake tafa wa a zaure. Ni dai ba ta gamsar da ni ba. Mai dungu hannunsa ne babu. Mutumin Bulgar kuwa darensa na nan, sa'o'insa na nan, yana ci yana sha yana kwanciya a cikinsu, alama ce kawai ta ɓuya. Kusan haka Kamaluddin Ibnul Humam, malamin Alƙahira da ya rasu a 1457, ya faɗa a Fathul Ƙadir. Ya rarrabe tsakanin rashin gaɓar da ake wankewa da rashin alamar da ke sanar da lokaci, ya kuma kawo hadisin Dujal da Muslim ya ruwaito, inda aka ambaci yini mai tsawon shekara, Sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar, Annabi (SAW) ya ce a'a, a ƙaddara lokacin. Daga nan malaman mazhabar suka rabu biyu, kowane ɓangare da manyansa. Nasafi, mai Kanzud Daƙa'iƙ, yana tare da masu cewa ta faɗi.

Akwai wani ɗan tuntuɓen alƙalami da ke ba ni dariya duk lokacin da na tuna shi. Haskafi, muftin Dimashƙa a ƙarni na 17, da ya zo kan wannan mas'ala a Durrul Muhtar, sai ya rubuta cewa abin yana faruwa a Bulgar cikin kwana arba'in na hunturu. Hunturu fa, lokacin da daren Bulgar ke kai sa'a 17! Sai da Ibnu Abidin, wanda ya rasu a 1836, ya zo yana yi wa littafin sharhi ya gyara, ya ce lokacin zafi ake nufi. Duk waɗanda na lissafo, daga Buhara zuwa Dimashƙa, hukunci suke yankewa a kan daren da labarinsa kawai suka ji.

Ko Ibnu Baɗuɗa, wanda daga baya ya zo Takedda ya ambaci Gobir cikin masu sayen tagullarta, ya ce ya je Bulgar cikin Ramadan takanas don ya ga gajeren daren, har aka kira lisha suna tsakar buɗa-baki, suna idar da asham da shafa'i da wutiri alfijir ya fito. Masu bincike da yawa ba su yarda ya taka garin ba, domin nisan da ya ce ya ci cikin kwana goma ya fi ƙarfin kwana goma.

Mongol sun ci Bulgar a 1236. Daga baya Kazan, wadda ta ɗan fi ta arewa, ta gaje ta, ita ma sarkin Rasha Iban na Huɗu ya ci ta a 1552, Musulmin yankin suka shiga ƙarni biyu na matsi. Sai a zamanin Sarauniya Katarina ta Biyu aka bar su suka gina masallacin dutse a Kazan, aka kafa musu hukumar addini a 1788. Da makarantu suka farfaɗo, tsohuwar tambaya ta farfaɗo da su, wannan karon a bakin 'yan ƙasa. A garuruwa da ƙauyuka da yawa na Tatar, wato Musulmin yankin, an saba ajiye lisha in dararen nan suka zo, bisa fatawar Baƙƙali. Abdunnasir Ƙursawi, wanda aka haifa a 1776, ya ce ba a ajiye ta, ya kuma ce malami na da ikon duba hujja da kansa maimakon jingina da abin da ya tarar. Bai yi tsawon rai ba. Malaman Buhara sun taso masa a 1808 kan wasu mas'alolin tauhidi har ya sha da ƙyar, ya rasu a Istanbul a 1812 a hanyarsa ta Hajji.

Wanda ya ɗauki maganar ya kai ta gaci shi ne Shihabuddin Marjani. An haife shi a 1818, ya yi shekara goma sha ɗaya yana karatu a Buhara da Samarƙand, ya dawo ya zama limamin wancan masallacin dutse na Kazan a 1850, masallacin da yau ake kira da sunansa. A 1870 ya buga Nazuratul Haƙƙ, littafi sukutum da Larabci kan wajabcin lisha ko da shafaƙi bai ɓace ba. Hujjarsa ita ce salla biyar umarni ne tabbatacce a kowane yini da dare, alamomin sama kuwa masu sanarwa ne, ɓuyarsu ba ta sauke farilla. Kafin ya kai nan sai da ya bi ta kan tambayar wa ya cancanci a bi a cikin mazhaba, ya soki yadda aka jera malamai hawa-hawa har na baya ba shi da bakin magana. Saboda wannan sashe ne littafin ya yi suna har a ƙasashen Larabawa, wurin mutanen da ba su da matsalar shafaƙi ko ta kwana ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne mai littafin liman ne da ke fita daga gida zuwa masallaci a ƙarƙashin wannan jan sama kowace shekara, jama'a na jiransa ya ce a tayar ko a watse.

Salla ke nan. Azumi kuma nasa ciwon daban, domin shi rana tana fitowa tana faɗuwa, alama ba ta ɓace ba, tsawon ne ke neman kashe mutum. Musa Jarullah, wani malamin Tatar, ya ga zuwa da kai ya fi aike: a 1910 ya yi tattaki zuwa can ƙuryar arewacin Finlan don ya ga ranar da ba ta faɗuwa, ya dawo ya buga littafi kan azumi a dogayen ranaku a Kazan a 1911. Ya tafi a kan cewa inda yini ya fita daga ƙa'ida azumi ba ya zama dole, ciyarwa ta wadatar. Malamai da yawa ba su bi shi ba. A Alƙahira ya rasu, a 1949.

A zamaninmu ƙwadago da karatu da gudun hijira sun kai Musulmi inda ko mutanen Bulgar ba su yi mafarki ba. Akwai masallaci a Norilsk ta Rasha, akwai a Inubik ta Kanada, wanda aka ƙera a Winnipeg aka ɗauko shi a mota da jirgin ruwa a 2010, akwai a Tromso ta Norwe, inda rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ce muddin ana rarrabe dare da yini cikin sa'a 24, a kame daga alfijir zuwa faɗuwar rana komai tsawo, wanda ya kasa ya sha ya rama. Gidan fatawar Masar ya ce in azumi ya kai sa'a 18 a bi adadin sa'o'in Makka. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a 1986, ta raba ƙasashen gida uku, daga digiri 45 zuwa 48, daga 48 zuwa 66, sai abin da ya haura, ta ce inda alama ta ɓace a ƙaddara. Mutanen Tromso, in rana ta ƙi faɗuwa, jadawalin Makka suke bi.

A azumin 2016, wanda ya faɗo daga farkon Yuni zuwa farkon Yuli, ɗan ƙanwata yana karatun likita a Kazan. Ya kira ni ana saura kaɗan mu sha ruwa, na ji yana tauna.

Na ce, “Kai, ba ka yi azumi ba ne?”

Ya ce, “Na yi, Kawu. Yanzun nan muka sha, takwas da rabi ta wuce a nan.”

Agogonsu na gaban namu da sa'a biyu, ga shi sun yi mana nisa gabas, amma da kimanin minti ashirin kacal suka riga Kano shan ruwa. Ya ce ƙarfe uku na dare rana ke fitowa, wato ɗaya na dare a agogonmu. Buɗa-baki, magariba, lisha, asham da sahur duk a zama ɗaya ake yin su, da littafin karatu a gefe, ga jarrabawa a gaba. Daga baya ya ja labulen ɗakinsu ya nuna mini sama ta kyamarar waya wajen tsakar darensu: shuɗi-shuɗi, gefen arewa ja, ana ganin rufin gidaje sarai.

Abin da ya dame shi bai wuce saƙonnin gida ba. Wannan ya ce lallai ya jira duhu kafin ya yi lisha, wancan ya ce ya bi lokacin Kano tunda nan ne garinsu, wani ya turo masa muryar wa'azin da aka yi a garin da magariba da lisha ba su taɓa haɗuwa ba. Ya ce, “Kawu, wanne zan ɗauka?” Na ce ya tafi masallacin da ke kusa da shi ya karɓi jadawalinsu, ya yi yadda suke yi, domin kakanninsu sun fi shekara dubu suna fama da wannan sama, har a 2022 sun yi bikin cika shekara 1100 da zuwan tawagar su Ibnu Fadlan. Mu da azuminmu ke kaiwa da komowa tsakanin sa'a 12 da rabi da sa'a 14, ƙishirwar bazara muka sani. A kanta muna iya ba kowa shawara.

Shekarar wata tana gaza ta rana da kwana 10 ko 11, saboda haka Ramadan na zagaye damina da rani cikin shekara 33. Yanzu ya baro dogayen ranakun arewa yana gangarawa cikin sanyi. A 2030 zai zo sau biyu, a Janairu da ƙarshen Disamba. A ƙarshen Disamban nan yinin Kazan wajen sa'a bakwai ne kacal, ana shan ruwa uku da 'yan mintoci na yamma. Ɗaliban da za su je can a shekarun nan wata wahalar za su tarar: azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin sa'a uku da rabi, a tsakiyar lokacin darasi. Dogon azumin Yuni kuma sai wajen 2047 zai komo.